Bayan An Cire Ƙari a Hanta, Ku Koma a Ɗauki Hoto

Yau zancenmu a kan mutumin da likita ya yi wa aiki ne, ya cire masa ƙarin ciwon daji daga hanta.

Hanta tana wajen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Ko an yanke rabinta, sauran yakan tofo cikin 'yan watanni. Saboda haka mai jinya yakan murmure, ya koma gona, ya ce ai ya warke sarai, ya jefa katin asibiti cikin akwati. To, nan fa hatsari yake.

Ku dubi manomi. In ya gama noman fari ba ya barin gona, sai ya komo maimai, gama ya san akwai irin ciyawa ɓoye a ƙasa. Haka ciwon nan yake. Cikin mutum 10 da aka yi wa aikin, 5 zuwa 7 yakan komo musu kafin shekara 5, galibi cikin shekara 2 na fari. Dalili kuwa, abin da ya lalata hantar tun farko, kamar ƙwayar cutar hanta mai lamba B, yana nan cikin jiki. Sa'ad da ƙarin yake ƙarami ba ya zafi, hannu kuma ba ya jinsa. Hoto kaɗai ke nuna shi.

Hoton iri uku ne. Akwai wanda ake shafa mai a ciki a goga na'ura, irin na masu juna biyu. Akwai CT da MRI, inda mutum ke kwanciya a tura shi cikin na'ura. Su suka fi gani sosai. Akan yi allura a jijiya domin hanta ta fito fili. Jiki yakan ɗan yi ɗumi, kada ku tsorata. Ana kuma ɗiban jini a auna. Ana wannan aiki a manyan asibitoci, kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya.

Bisa al'ada akan koma kowane wata 3 zuwa 6 har shekara 2, sa'an nan likita ya ƙara tazara. In an tarar da ƙarin bai wuce ƙwayar goro ba, akan iya ƙone shi da allura mai zafi, ko a sake cirewa. In an bari sai ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, dabara ta ragu.

Saboda haka ku riƙe ranar da aka sa muku. Ku fara tara kuɗin mota da na hoto tun da wuri. Ku tafi da tsofaffin hotuna, domin likita ya gwada su da sabo. Ku guji giya, da gyaɗa ko masara mai fumfuna, da jiƙe-jiƙen da likita bai sani ba. In an ba ku maganin cutar B, kada ku yanke shi. A auna jinin iyalinku, a yi wa jarirai rigakafi tun ranar haihuwa.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.