Takin Amoniyam Naitiret: Haɗarinsa da Yadda Ake Ajiye Shi

Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu

Maganar yau a kan wani irin gishiri ce wanda masana ke kira amoniyam naitiret. Fari ne, tsaki-tsaki kamar ƙwayar gero, ba shi da wari. Manoma na zuba shi a gona domin wajen kashi 34 cikin 100 na nauyinsa abincin shuka ne, watau naitirojin. Masu fasa duwatsu kuma suna aiki da shi. Ba kowane takin zamani ke ɗauke da shi ba, yuriya dabam ce. Saboda haka farkon aikin magatakarda shi ne ya karanta rubutun jikin buhu. In ya ga alama rawaya mai hoton harshen wuta bisa da'ira, da lamba 5.1, to, ya san kayan na zuga wuta ne.

HALINSA

Gishirin nan ba ya kamawa da wuta shi kaɗai kamar kananzir. Amma in ya sha zafi sai ya saki iskar nan da wuta ke rayuwa da ita, watau oksijin. Aikinsa ke nan aikin zuga-zugin maƙeri: abin da ke ci a hankali sai ya ci da ƙarfi. Yana narkewa a digiri 170, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. In zafi ya ci gaba, ga shi a kulle ba mafitar iska, balle in ya gauraya da mai ko wata ƙazanta, sai ya fashe gaba ɗaya. Yana kuma shan laima, ya dunƙule ya yi tauri kamar dutse.

ABIN DA YA AUKU A GARURUWA UKU

Ran 21 ga Satumba 1921, a garin Opau na ƙasar Jamus, taki ya dunƙule cikin rumbun wata masana'anta. Ma'aikata sun saba farfasa shi da nakiya, sun yi haka sau da yawa lafiya lau. Ran nan rumbun ya tashi, mutum fiye da 500 suka hallaka. Yin abu sau dubu ba a ga ɓarna ba, ba shi ne shaidar babu haɗari ba.

Ran 16 ga Afrilu 1947, a tashar jiragen ruwa ta Teksas Siti a Amurka, wuta ta kama cikin jirgin Grandcamp, yana ɗauke da fiye da tan 2,000. Don kada ruwa ya ɓata kaya, sai aka rufe ƙofofin cikin jirgin, aka tura tururi. Wannan kuwa shi ne ya ƙara zafi da matsi. Jama'a suka taru a bakin tasha suna kallon hayaƙi mai launi. Da jirgin ya fashe, mutum fiye da 500 suka rasu, har da kusan dukan masu kashe gobara na garin.

Ran 4 ga Agusta 2020, a Bairut ta ƙasar Labanan, gobara ta kai ga tan 2,750 da aka jibge a sito tun 2014. Mutum fiye da 200 suka mutu, dubbai suka jikkata. Abin lura ga Malamai shi ne, ma'aikatan kwastan sun rubuta takardu sau da dama suna roƙon a kwashe kayan, amma takarda ta bi takarda, kaya na nan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

DOKOKIN AJIYA

1. Sito ya kasance nesa da gidaje, da kasuwa, da makaranta, da rijiya. Daɓen siminti, rufin da ba ya yoyo, da tagogin shan iska.
2. Kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da fetur, ko gas, ko kananzir, ko man gyaɗa, ko gawayi, ko auduga, ko harawa, ko farar wuta, ko ruwan batir.
3. A ɗaga buhuna daga ƙasa, a bar kamar ƙafa uku tsakaninsu da bango da rufi.
4. Ba shan taba, ba fitilar aci-bal-bal, ba walda, ba ƙona shara kusa da sito.
5. In buhu ya yage, a share nan da nan a zuba cikin buhu mai tsabta. Kada a tsane shi da garin katako. Wanda ya ƙazantu a ware shi, a kira Malamin Gona.
6. Wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Kada ajiya ta wuce bukatar damina.
7. A tsare shi daga yara da dabbobi. Saniyar da ta lashe shi da yawa tana iya mutuwa, domin yana hana jini ɗaukar iska.

IN WUTA TA TASHI

In wutar ƙarama ce, ba ta kai ga buhuna ba, a kwarara mata ruwa mai yawa, a buɗe ƙofofi. Rairayi da bargo ba su kashe irin wannan wuta, gama iskarta daga jikin takin take fitowa. In kuwa ta kama buhunan, ko aka ga hayaƙi ja-ja, ko ruwan goro, to, lokacin kashewa ya wuce. Hakimi ya sa a yi shela, dagatai da masu unguwa su janye jama'a nesa ƙwarai, su nufi inda iska ke fitowa. Kada a bar kowa ya tsaya kallo. Hayaƙin dafi ne, wanda ya shaƙe shi a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau, domin cutar takan ɓoye sa'o'i kāna ta shaƙe huhu.

NAUYIN DA KE KAN HAKIMI

Ya kamata kowane Hakimi ya san sito nawa ke ƙasarsa, da abin da ke ciki, da wanda ke riƙe da mabuɗi. Magatakarda ya rubuta buhu nawa suka shiga, nawa suka fita, da sunan wanda ya karɓa. In lissafi ya nuna giɓi, a sanar da 'yan sanda a ranar, gama miyagu na neman kayan nan don ɓarna. In an rubuta takardar gargaɗi ba a sami amsa ba, Hakimi ya tashi da kansa ya kai maganar gaban Sarki. Allah ya kiyaye talakawa da dukiyarsu, amin.