Sabara, Mai Shayar da Gero a Ƙasar Jigawa



Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura, ko ya fita daga Katsina ya nufi Maraɗi a tsakiyar bazara, zai tarar an kwashe kara, ciyawa ta ƙare, rairayi na tashi da iska. Amma nan da can a cikin gonakin zai ga wani tsiro ya yi cunkus da ganye mai launin toka-toka, kamar ba shi da labarin cewa rabon ƙasar da ruwa ya kai wata shida. Wannan ita ce sabara. Yaro ya san ta, mai jego ta san ta, makiyayi ya san ta, kuma sabo ya sa ba a cika tsayawa a dube ta da kyau ba. Laccar yau ta tsaya ne a kanta.

Masana tsirrai suna kiran ta Guiera senegalensis. Bajamushe Johann Friedrich Gmelin ne ya rubuta wannan suna a 1791, bayan Bafaranshe Michel Adanson, wanda ya sauka Senegal a 1749, ya riga ya yi nazarin tsirran wannan ƙasa. Danginta su ne geza da marke da baushe da taramniya, amma a rukunin da aka sa ta ita kaɗai ce, ba ta da ta biyu. Fulani suna ce mata geloki, a Sudan kuma gubaish. Tana nan tun daga Senegal da Muritaniya, ta ratsa Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya da Kamaru da Chadi, har Sudan, galibi a inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 400 zuwa 800.

Ba ta cika wuce mita uku a tsayi ba, kuma a gona ba a barin ta ta kai haka. Daga gindi ɗaya rassa da yawa suke fitowa. Ganyenta biyu-biyu ne, suna fuskantar juna a jikin reshe, tsawon kowanne bai fi santimita uku zuwa biyar ba, kuma farin gashi mai laushi ya lulluɓe shi. Wannan gashin ne ya ba ta launinta, shi ne kuma yake rage mata zafin rana da asarar ruwa. In aka juya bayan ganyen aka kawo shi kusa da ido, za a ga ɗige-ɗige baƙaƙe birjik. Da su masana suke rabe ta da sauran tsirrai ko da ba ta da fure.

Furen kuwa ƙanana ne ƙwarai, launinsu tsakanin rawaya da kore, sun dunƙule wuri ɗaya a kan ɗan sanda, dunƙulen bai kai girman goro ba. Kowane ɗan fure yana da fallaye biyar da zare goma masu ɗauke da garin barbara. Sau da yawa takan yi fure a ƙarshen damina, ta sake yi cikin rani, lokacin da ƙudan zuma ba su da wuraren zuwa da yawa. In furen ya ƙulla, sai 'ya'yan su fito sirara, tsawon santimita uku zuwa huɗu, da gashi mai sheƙi ja-ja, sun baje daga tsakiya kamar ƙafafun gizo-gizo. Wanda ya taɓa ganinsu da hantsi, rana ta haske gashin, ba zai ce sabara ba ta da kyau ba.

Wurin zamanta ƙasar jigawa ce, mai rairayi, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Tana son saura, wato gonar da aka bari ta huta, tana kuma fitowa a kan tudu mai marmara. A yammacin Nijar, gabas da Yamai, ita da geza ne suka fi yawa a cikin dajin nan da yake jeri-jeri, layin itace da layin fako, wanda masana suka daɗe suna nazarinsa. Littattafan gandun daji sukan ce yawan sabara alama ce ta ƙasar da ta gaji da noma ko kiwo. Maganar gaskiya ce, amma mutane da yawa sun juya ta, suna ɗauka sabarar ce ta gajiyar da ƙasar. Ita dai ta jure ne a inda sauran itatuwa suka kasa.

Manoman jigawa sun daɗe da lura cewa geron da ya tsaya kusa da kututturen sabara ya fi kauri, ya fi kore, zangarniyarsa ta fi cika. Dalilin farko a fili yake. Duk tsawon rani tana tare ƙurar hunturu da rairayi da ganyen da iska ta kwaso, har gindinta ya yi ɗan tudu. Awaki da tumaki suna fakewa a inuwarta su bar kashi. Ganyenta yana zuba, gara ta ja shi cikin ƙasa. Wani bincike da Alexander Wezel da abokan aikinsa suka buga a 2000, kan gonakin gero a Nijar, ya tabbatar da cewa ƙasar gindin sabara ta fi ta fili sinadaran da shuka ke ci.

Dalili na biyu yana ƙarƙashin ƙasa, kuma shi ne ya fi ban mamaki. Sabara tana da saiwa iri biyu: masu bazuwa kusa da sama, da masu nutsawa can ƙasa inda danshi ba ya ƙarewa. Da rana tana jawo ruwa ta fitar ta ƙananan ƙofofin ganye. Da dare ƙofofin sukan rufe, amma ruwan bai daina hawowa ba, sai ya tsattsafo ta saiwoyin sama ya jiƙa busasshiyar ƙasar da ke kewaye da su. A nan ne saiwar gero take. A Keur Matar, kusa da birnin Thiès a Senegal, masanan ƙasar tare da Farfesa Richard Dick na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka sun shafe fiye da shekara goma suna gwaji a kan wannan. A wani sakamako da Nathaniel Bogie ya jagoranci bugawa a 2018, an shayar da saiwar sabara ta can ƙasa ruwa mai wata alama, aka hana gonar ruwa da gangan. Cikin sa'o'i zuwa 'yan kwanaki aka sami wannan alama a jikin geron da ke kusa. Geron da ke tare da sabara ya kai ga yin zangarniya, wanda ba ya tare da ita kuwa ya tsaya cak.

Abin da suka yi a gonar gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Sun ƙara yawan sabara zuwa kimanin gindi 1,500 a hekta, sun ninka abin da aka saba gani a gonakin manoma sau da yawa. Gab da damina sai a sare ta, a daddatsa ganye da ƙananan rassa a mayar wa ƙasa. Bambancinsa da sharar gona irin tamu ashana ce kawai: a nan akan tara a cinna wuta, takin shekara guda ya tashi a hayaƙi cikin rabin sa'a.

Ba sai an je Senegal ba ma. A 1983, a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aikin gona, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara toho ne daga kututture masu rai. Daga nan aka fara abin da manoman Nijar suke kira sassaben zamani: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Yunwar 1984 ta sa mutane suka saurara. Bayan shekara ashirin, hotunan sama suka nuna kimanin hekta miliyan biyar sun farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ne ya fi yin suna a wannan labari, amma a ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta yankin Agye, sabara da kalgo suna cikin waɗanda suka fi yawa a gonaki.

Amfaninta a gida sananne ne, ba sai an daɗe a kai ba. Ana dafa ganyenta a ruwan wankan jego, ana sha don gudawa da atuni da tari, ana turara ta a garke don korar ƙuda, ana saƙa rumbu da shinge da rassanta, raƙuma da awaki kuma suna ci in abinci ya yanke. Likita J. M. Dalziel ya rubuta irin waɗannan a littafinsa na tsirran Afirka ta Yamma na 1937. An kuma gano sinadarai a jikinta da suke kashe wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Sai dai a nan akwai gargaɗi: ana yayatawa cewa sabara tana warkar da ciwon daji. Abin da aka gani a kwalbar gwaji daban yake da abin da aka tabbatar a jikin majinyaci, kuma wanda ya bar asibiti ya dogara da ita kaɗai ya jefa ransa cikin haɗari.

Sara ba ya kashe sabara, ko wuta ba ta cika kashe ta ba. Abin da ke kashe ta shi ne tumɓuke gindi, ko da garmar tarakta, ko da gatarin mai neman itacen girki da ya rasa na sama ya koma haƙar saiwa. In gindin ya tafi, dawo da ita yana da wuya, domin tsiron da ya fito daga iri yana ɗaukar shekaru kafin saiwarsa ta kai ga danshi. Hanya mafi sauƙi ita ce a lanƙwasa reshe a binne tsakiyarsa da damina, ya yi saiwa, ya zama sabon gindi.

Don haka kiran yana kan malaman gona na Katsina da Jigawa da Sakkwato da Yobe, da sassan nazarin gona na jami'o'inmu: a ware filayen gwaji a ƙasarmu, a auna geron da ke tare da sabara da wanda ba ya tare da ita, a kai manoma su gani da idonsu. Manomin da ke zaune a wannan zaure kuwa, in sharar gona ta zo bana, ya sare sabararsa ya baza ganyen a kan ƙasa, ya bar gindin a inda yake, kada ya sa wuta.