Idan Kuɗin Harajin Gida Ya Fi Ƙarfin Gidan



Sakatare ya ba ni minti goma, kuma malaminmu na lissafi yana zaune a gaba, don haka ba zan zarce ba. Maganata a kan takardar harajin gida ce, wadda da yawanmu muka fara karɓa, ko dai don mun yi gini ko don mun gaji na iyaye.

Da farko a duba wace hukuma ce ta aiko ta. Kuɗin ƙasa na gwamnatin jiha ne, tushensa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Harajin gini kuwa, Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin ƙiyasta gidaje dominsa, bisa abin da Majalisar Dokokin Jiha ta tsara. Wasu jihohi sun haɗe su wuri guda. Legas ta yi haka tun 2001, kuma da kuɗin ya yi tashin gwauron zabo a 2018, masu gidaje da 'yan kasuwa suka yi ca, sai da gwamnati ta rage, sannan aka sake dokar a 2020.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, ba a ƙara a kan cewa haraji ya yi yawa. Ana yin ta ne a kan ƙiyasin da aka yi wa gidan. Ku je ofis ku nemi a nuna muku abin da aka rubuta: girman fili, yawan ɗakuna, bene ne ko ƙasa, na zama ne ko na kasuwanci. Yawancin kuskure a nan yake kwance. Bara aka kawo wa mahaifiyata takarda mai nauyi, hankalinta ya tashi har tana zancen sayar da gidan da mahaifinmu ya bari. Da na bincika, ashe an rubuta zaurenmu a matsayin shago, saboda mai shayin da ke kafa teburinsa a ƙofa. Hotuna uku da taswirar fili suka raba gardama, ko da yake sai da na yi sawu huɗu.

A rubuta ƙorafi, kada a tsaya ga maganar baki. A haɗa da kwafin takardar shaidar mallaka, rasit na shekarun baya, da abin da maƙwabta masu irin gidan suke biya. A tabbata an buga hatimin karɓa a kwafin da za a koma gida da shi. Akwai wa'adi, kuma ya danganta da dokar jiha. A karanta takardar gaba da baya ranar da ta zo, domin idan ya wuce, ko da gaskiyarka sai ka biya. In gidan babba ne, a ɗauki ƙwararren mai ƙiyasta kadara wanda ke da rajista. In ofis ya ƙi, akwai kwamitin ɗaukaka ƙara inda doka ta tanada, bayansa kuma kotu.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati, ina roƙonku kada ku "sasanta" da mai kawo takarda a ƙofar gida. Abin da ka ba shi ba ya shiga littafi, bashin yana nan da sunanka, baɗi ya dawo da tara a kai.

Wanda ya zo da takardarsa, ina nan bayan cin abinci mu duba tare.