Wane Ciwo Ne Ya Fi Kawo Ciniki?



Ku leƙa kowane kemis a Kafanchan ko Kwoi, za ku tarar da maganin zazzaɓin cizon sauro kala-kala, ga paracetamol na Emzor jibge. Ku tambayi maganin saran maciji, sai a ce ku nufi babban asibiti. Lissafin kamfanoni ne ya raba su.

Zazzaɓi kowa na yi, don haka ribarsa tana cikin yawan ciniki. A 2010 ma asusun Global Fund ya sa tallafi a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro na ACT masu alamar koren ganye, farashinsu ya sauka. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa, wata-wata zai dawo har iyakar rayuwarsa, shi ya sa wakilan kamfanoni ba sa gajiya da zaryar ofisoshin likitoci.

Manomin da maciji ya sara a gonar citta fa? Aljihunsa bai kai a yi masa talla ba. Kamfanin Sanofi ya daina haɗa maganin saran maciji na Fav-Afrique tun 2014, alhali maganin yana aiki. Ba maganin maciji kaɗai ba: a Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da janyewa daga sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya, farashin Ventolin na masu asma da na Augmentin ya yi tashin gwauron zabi, a daminar da cuta ta cinye cittar Jaba da Kachia.

Abin da kasuwa ta ƙi, gwamnati ce ya kamata ta saya da yawa ta ajiye. Ya kamata hukumar samar da magunguna ta Jihar Kaduna, KADHSMA, ta fara da maganin maciji kafin ruwan fari ya sauka.