Malaman Yahudawa da suka ɗaura takalmin gudu

Zancenmu na yau daga nesa ya fito, amma ku ba ni aron kunnuwanku.

Malamin addinin Yahudawa ana ce masa rabai. Aikinsa karatu, koyarwa, wa'azi, ɗaurin aure da sasanta mutane. Kusan duk aikin zaune ne, ga kuma walima yau, walima gobe. To, ka san abin da zama da cin maiƙo ke haifarwa: ƙiba, hawan jini, ciwon suga. Wannan ne ya sa wasu daga cikin malaman nan, a Amurka da Ingila da Isra'ila, suka rungumi gudu, har suna shiga tseren gudun fanfalaki, wanda tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Waɗanda ba su kai nan ba sukan yi rabi, ko kilomita 10.

Dubi birnin New York. Tserensa ya faro a 1970, ana yin sa ranar Lahadin farko ta Nuwamba. Tun 1983 Yahudawa 'yan tsere ke taruwa a wurin tashi su yi ibadarsu ta safe cikin jam'i, sannan su kama hanya. Cikin waɗanda suka assasa wannan taro har da wani rabai ɗan gudu, Jim Michaels. Tseren Birnin Ƙudus kuwa, wanda aka soma a 2011, ranar Juma'a ake yin sa, domin Asabar ranar hutunsu ce, ba aiki, ba gasa.

Ina batun kuɗi ya shigo? Ga yadda abin yake. Malam zai sanar wa almajiransa da masu ibada a bayansa cewa zai yi gudun kaza domin asibiti ko gidan marayu. Kowa ya yi alkawarin abin da zai iya. Shi ya ba da gumi, su su ba da kuɗi, kuɗin kuma ya tafi kai tsaye ga mabukata, ba aljihunsa ba. Kada ka raina wannan hanya. Tseren London, daga 1981 zuwa yau, ya tara wa ƙungiyoyin agaji sama da fam biliyan 1.

Malaman suna da madogara a littattafansu. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu a Masar a 1204, babban malaminsu ne, kuma likita a fadar Salahuddin. Ya koyar da cewa kula da lafiyar jiki wani ɓangare ne na bautar Ubangiji, ya yi horo da motsa jiki, ya hana cika ciki dam. Shi ne kuma ya kasa sadaka mataki 8, mafi girma shi ne ka taimaki mutum ya tsaya da ƙafarsa. Kalmarsu ma tzedaka ce, tushenta ɗaya da sadaka da ka sani.

Yanzu na dawo gare ka. Ɗan'uwana makiyayi, kai ka riga su, tafiyar da kake yi bayan shanu a wuni ta ishe ka motsa jiki. Amma Alhaji mai shago, da kai direba mai kwana biyu kan kujera kana jiran a buɗe shinge, yaushe rabonka da ka yi tafiyar da ta sa ka gumi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wato minti 30 a kwana 5.

Kada ka ce gobe za ka zabura da gudu. Fara da zuwa asibiti a auna maka jini, kai ma makiyayi haka, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Sannan ka soma da tafiya da sauri, da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha a hannu. In ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri, tsaya, ka nemi likita.

Wanda jama'a ke kallo, in ya tashi, na baya ma za su tashi. Shugabannin kasuwa da arɗo-arɗo, ku fara mana.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.