Jawabi a Kan Bawul Mai Shigar da Iska Cikin Bututun Ƙazanta

Abin da za mu yi magana a kansa yau bai fi gwangwanin madara girma ba, amma ya shafi lafiyar iyali da zaman maƙwabta, tun da yake gidaje masu masai na ruwa sai ƙaruwa suke yi a gundumominku.

A ƙarƙashin kowane masai na ruwa da kowane kwanon wanke hannu akwai wata lanƙwasa ta bututu wadda kullum ruwa ke kwance a cikinta. Dokar gini ta Ingila ta ce zurfinsa ya kai inci 2 a masai, inci 3 a kwanon wanke hannu. Wannan ɗan ruwa shi ne ƙyauren da ya tsare iskar ƙazanta. To, sa'ad da aka kora masai, ruwan da ya gangara cikin babban bututu yakan ja iska a bayansa. In iskar ba ta sami mashiga ba, sai ya zuƙe ruwan lanƙwasar nan, har a ji kwano yana ƙugi. Daga nan ƙofa ta buɗe ke nan. Iskar da ke shigowa kuwa ba wari kaɗai gare ta ba: akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce in ta yi yawa, akwai kuma mai kama wuta, ga kyankyasai.

Maganin da aka saba shi ne a miƙa bututun ya huda rufi, bakinsa a buɗe. Amma duk inda aka huda kwano, damina takan nemo wurin. Saboda haka a shekarun 1970 aka ƙago wannan bawul a ƙasar Suwidin. Cikinsa wani faifan roba ne kwance a kan mazauninsa. Idan ruwa ya ja iska, faifan ya ɗaga, iskar ɗaki ta shiga. Da ruwan ya wuce, nauyinsa ya komar da shi, ya rufe. Ba ya bukatar lantarki.

Ga inda muke roƙon ku kasa kunne. Bawul ɗin nan shigar da iska kaɗai yake yi, ba ya fitarwa. Ramin da ƙazanta ke taruwa kuwa kullum haifar da iska yake, lalle ne ta sami mafita. Don haka kowane gida sai a bar masa bututu aƙalla ɗaya buɗe, wanda ya zarce rufi. In yana tsakanin ƙafa 10 da taga, bakinsa ya ɗara tagar da ƙafa 3. Magini da ya toshe dukan bututu da bawul don ragin kuɗi ya cuci mai gida. Haka kuma kada a sa shi a bututun salga, gama aikin wannan bututu fitar da wari ne da tsare ƙuda.

A kafa shi a tsaye, sama da bakin kwanon da ya fi tsayi a kan bututun, inda iska ke kai masa, hannu kuma ke isa. Wanda aka binne cikin siminti ya tashi aiki. Mu nan muna da abin da Suwidin ba ta da shi, watau ƙurar hunturu, wadda kan kwanta a mazaunin faifan ta hana shi rufuwa sosai. A duba shi bayan hunturu. In robar ta bushe, a sake sabo.

Malamai, idan aka kawo ƙarar wari, ku fara tambaya ko gidan ya daɗe a kulle, domin zafin bazara yakan ƙafar da ruwan lanƙwasa, maganinsa kuwa bokiti guda ne. In ba haka ba ne, ku rubuta inda bawul yake da inda buɗaɗɗen bututu yake, sa'an nan ku aika wa duba-gari.