Taron Sisin Kwabo Mai Haƙa Rijiya

 Yau hirar tamu a kan ruwa ce, amma can Ingila za mu faro ta.

A shekarar 1981 ne mutanen da ke aikin samar da ruwan famfo a Ingila suka kafa wata ƙungiyar agaji mai suna WaterAid, domin taimaka wa ƙasashen da ke fama da rashin ruwa mai tsafta. To, ina suke samun kuɗi? Idan kamfanin ruwa zai aika wa magidanta takardar biyan kuɗin ruwa, sai ya cusa wata 'yar takarda a ciki, yana roƙon mai hali ya ba da abin da ya sawwaƙa. Ma'aikatan kamfanin su ma suna shirya tsere ko hawan dutse, 'yan uwa da abokai su ba da gudummawa. Akwai ma wani kamfani mai sayar da ruwan kwalba, Belu, wanda a 2011 ya fara miƙa wa ƙungiyar ribarsa. Wannan ƙungiya ta yi aikin rijiyoyi da makewayi har a nan Najeriya, irin su Jihar Bauchi.

Ba kuɗi kawai suke tarawa ba. Sukan shiga makarantu su nuna wa yara inda ruwa yake fitowa, da yadda ake tace shi, da wahalar yarinyar da ke ɗaukar jarka mai lita 20, wato nauyin kilo 20 a kanta.

To 'yar uwa, ke da ba ki fita, mene ne naki a ciki? Naki ne babba. Ɗan garuwa ya kawo, yara su ɗebo, amma randa a hannunki take. Ki tambayi inda aka ɗebo ruwan nan. Alim yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa da kwalara. Ki tafasa na sha ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ki rufe randa, ki ware mata moɗa guda mai hannu. Ki koya wa yara wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida da kuma kafin cin abinci. Kin ga ke ma kin zama malamar makaranta a tsakar gidanki.

Sai batun kuɗi. Sau nawa famfon tuƙa-tuƙa na unguwa yake lalacewa, ya yi wata da watanni don an rasa kuɗin gyara? Mu fa gwanayen adashi ne. Ku haɗa kai da maƙwabta, ku ware ɗan abu daga cinikin ƙosai ko ƙuli-ƙuli, a aika da shi ta hannun maigida zuwa ga masu kula da famfon, a kuma rubuta abin da aka bayar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tuna yadda kurkunu ya addabi ƙauyukanmu, amma da tace ruwa da gina rijiyoyi, a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi.

Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara.